Shirun Jama'a da Amanar Zaɓe

Wa'azin daren 17 ga Ramadan, 1446

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai mulkin da ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako. Ƴan'uwa masu saurare, maza da mata, na birni da na karkara, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, muna yi muku barka da shan ruwa. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Wannan dare da muke ciki daren tunawa da Badar ne. A ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, mutum ɗari uku da ƴan goma suka tsaya gaban rundunar Ƙuraishawa da ta ninka su kusan sau uku. Kowace shekara mukan ba da labarin yaƙin, amma akwai wani zama da aka yi kafin a zare takobi wanda ba mu cika tsayawa a kansa ba. Da labari ya zo cewa ayarin Abu Sufyan ya kuɓuta, kuma rundunar Makka na tafe, sai Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya tara sahabbai ya nemi shawararsu. Sayyidina Abubakar ya yi magana mai kyau, Sayyidina Umar ya yi, Miƙdadu ɗan Amru ya yi. Dukansu Muhajirai ne. Annabi ya yaba musu, sa'an nan ya sake neman shawara. Mutanen Madina ne suka fi yawa a rundunar, kuma alkawarin da suka ɗauka a Aƙaba na kare shi ne a cikin garinsu, bai haɗa da fita daji yaƙi ba. Sun yi shiru, shi kuwa bai ɗauki shirunsu a matsayin yarda ba. Sai da Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah ya ƙara masa yarda, ya gane su ake nufi, ya tashi ya yi magana da yawunsu, kana aka ci gaba.

Ku duba, jama'a. Wanda wahayi ke sauko masa, wanda da ya ce a tashi ba mai musu, shi ne ya tsaya jiran muryar mafi rinjaye. A kan wannan za mu yi magana yau, kuma za mu ɗauki misalinmu daga ƙasashen da suka sa wa kansu sunan Jamhuriyar Musulunci, musamman Iran. Ba mu zo tattauna saɓanin aƙida tsakanin Ahlus Sunna da Shi'a ba, wannan yana da nasa zama. Abin da ya kawo mu shi ne tambaya ɗaya: idan aka buɗe rumfunan zaɓe a ƙasar da ke cewa da sunan Allah take mulki, sai fiye da rabin mutane suka zauna gida, me wannan shiru yake nufi, kuma wa za a tambaya a kansa gobe ƙiyama?

Bari mu fara da yadda abin yake. A farkon shekarar 1979 juyin juya hali ya kawar da sarautar Shah Muhammad Riza Pahlawi. A ƙarshen watan Maris na shekarar aka yi ƙuri'ar raba gardama, hukuma ta sanar cewa fiye da kashi 98 cikin ɗari sun amince ƙasar ta zama Jamhuriyar Musulunci. Tsarin da aka kafa yana da kai biyu. A sama akwai Jagora, malamin addini, wanda sojoji da shari'a da gidajen rediyo da talabijin na gwamnati ke ƙarƙashinsa. Ayatullahi Khumaini ne na farko, da ya rasu a 1989 Ali Khamene'i ya gaje shi. A ƙarƙashin Jagora akwai shugaban ƙasa, wanda jama'a ke zaɓa duk shekara 4, kuma ba ya wuce wa'adi biyu a jere. Sai dai ba kowa ke tsayawa takara ba. Akwai majalisa mai mutum 12 da ke tantance ƴan takara: shida malaman fiƙihu ne da Jagora ke naɗawa, shida kuma masana doka ne da shugaban ɓangaren shari'a ke gabatarwa majalisar dokoki ta amince da su. Shi kansa shugaban ɓangaren shari'ar Jagora ne ke naɗa shi. Wanda wannan majalisa ta ƙi, sunansa ba ya zuwa gaban masu zaɓe.

Shekaru da yawa mutanen Iran suna fita zaɓe da yawan da ya kan ba duniya mamaki. A 1997 kusan kashi 80 cikin ɗari suka fita, Muhammad Khatami ya ci da ƙuri'a kimanin miliyan 20, alhali ba shi ake zaton manya na so ba. A 2009 hukuma ta ce kimanin kashi 85 ne suka fita, amma sakamakon da ya mayar da Mahmud Ahmadinejad kan kujera ya jawo gardama da zanga-zanga ta watanni, aka rasa rayuka, aka tsare mutane da yawa. A 2013 da 2017, lokacin Hasan Ruhani, fitar ta kai kimanin kashi 73. A 2017 ɗin mutum fiye da miliyan 41 ne suka jefa ƙuri'a.

Daga nan abu ya juya. A 2021 mutum 592 suka yi rajistar takara, majalisar tantancewa ta amince da 7 kacal. Cikin waɗanda aka hana har da Ali Larijani, wanda ya shugabanci majalisar dokoki shekara 12, da Ahmadinejad da ya yi shugabancin ƙasar shekara 8. Ibrahim Ra'isi ya ci, amma waɗanda suka fita ba su kai kashi 49 ba. Wani abin lura kuma, ƙuri'un da suka lalace ko aka jefa su fanko sun haura miliyan 3 da rabi, sun fi abin da mutumin da ya zo na biyu ya samu. Wato akwai miliyoyin da suka yi tattaki har gaban akwati don kawai su nuna ba su ga nasu a cikin jerin ba.

A ranar 19 ga Mayu, 2024, Ra'isi ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu, dole aka kira zaɓen gaggawa. Mutum 80 suka yi rajista, aka amince da 6. Ranar Juma'a 28 ga Yuni, kwanaki kaɗan bayan Sallar Layya, aka buɗe rumfuna. Cikin mutum fiye da miliyan 61 da suka cancanci zaɓe, kimanin miliyan 24 da rabi ne suka fita, wato kashi 40. Ba a taɓa ganin ƙarancin fita irin wannan a zaɓen shugaban ƙasa ba tun kafuwar jamhuriyar. Ku auna da kanku: a cikin shekara bakwai masu ikon zaɓe sun ƙaru da kimanin miliyan biyar, masu fita kuwa sun ragu da fiye da miliyan goma sha shida. Duk da cewa Jagora da manyan malamansu sun daɗe suna kiran zaɓe wajibi ne na addini.

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Mayu na 2018 Amurka ta fice daga yarjejeniyar nukiliyar da aka ƙulla a 2015, ta mayar da takunkumi mai tsanani, kuɗin ƙasar ya faɗi, farashin kaya ya yi ta hawa, har akwai shekarun da hauhawar ta wuce kashi 40. Mutanen da suka zaɓi Ruhani da fatan sauƙi suka ga akasin haka. A Nuwamba 2019 ƙarin kuɗin mai ya jawo zanga-zanga, aka murƙushe ta da ƙarfi, ɗaruruwa suka mutu. A Satumba 2022 wata budurwa, Mahsa Amini, ta rasu a hannun ƴan sandan da ke kula da sutura, ƙasar ta sake rikicewa tsawon watanni. A kan wannan duka ga tacewar ƴan takara, ga kuma sanin da kowa ya yi cewa manyan hukunce-hukunce ba a hannun shugaban ƙasa suke ba. Ba ma cire hannun maƙiya daga waje a cikin wahalar mutanen Iran, takunkumi zalunci ne da ke faɗawa kan talaka kafin mai mulki. Amma Amurka ba ita ta soke sunayen ƴan takara ba.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba, kuma ragowarsa ita ce ta fi ba mu darasi. Ba wanda ya samu fiye da rabi a zagayen farko, sai aka sake fita bayan mako guda, ranar 5 ga Yuli, tsakanin mutum biyu masu ra'ayi mabambanta a fili: Mas'ud Pezeshkiyan, likitan zuciya mai neman sassauci da sasantawa, da Sa'id Jalili mai tsattsauran ra'ayi. A wannan karon kimanin miliyan 30 da rabi suka fita, kusan kashi 50. Pezeshkiyan ya ci da fiye da miliyan 16, Jalili ya samu kimanin miliyan 13 da rabi. Mutum miliyan shida da suka zauna gida Juma'ar farko sun fito Juma'a ta biyu. Ba a sauko da farashin burodi a cikin kwana bakwai ba, ba a ɗage takunkumi ba. Abin da ya canza shi ne sun ga ƙuri'arsu na iya karkata sakamako. Ashe da yawa daga masu shirun ba barci suke ba, suna jira ne a ba su zaɓi na gaskiya.

Kada mu ɗauka wannan ciwon Iran ne ita kaɗai. Washegarin zagayen farko na Iran, ranar Asabar 29 ga Yuni, wata Jamhuriyar Musulunci ta yi nata zaɓen, ita kuwa kusa da mu take, ƴan'uwanmu ne a mazhabar Imamu Malik: Muritaniya. Muhammad Wuld Ghazwani ya sake ci da kimanin kashi 56, Biram Dah Abeid ya zo na biyu ya kuma ƙi amincewa da sakamakon. Fitar ta tsaya a kimanin kashi 55, bayan a 2019 ta haura kashi 62. Afganistan ma daga 2004 zuwa 2021 sunanta Jamhuriyar Musulunci ne. A zaɓenta na Satumba 2019, cikin mutum fiye da miliyan 9 da suka yi rajista, ƙuri'un da aka ƙirga ba su kai miliyan 2 ba, saboda tsoron hare-hare da yanke ƙauna daga maguɗi. Ashraf Ghani ya hau da ƙuri'ar da ba ta kai miliyan ɗaya ba. Shekara biyu ba ta cika ba, ranar 15 ga Agusta 2021, Kabul ta faɗi, ya bar ƙasar. Dalilan faɗuwar suna da yawa, amma gwamnatin da mutane kaɗan suka fito kafawa, mutane kaɗan ne za su fito karewa.

To, ƴan'uwa, darasi na farko shi ne suna ba ya ɗauke wa kowa hisabi. Rubuta Musulunci a kan tuta da takardun gwamnati alkawari ne aka ɗauka, kuma alkawari abin tambaya ne. Talakan da ke kwana da yunwa yana auna mai mulki da adalcin da ya gani a kotu da kasuwa da asibiti. Babban abin tsoro a nan shi ne, idan mai mulki ya ce shi da addini abu ɗaya ne, to ranar da mutane suka gaji da shi, masu raunin imani cikinsu za su haɗa da addinin su juya wa baya. Wanda ya jawo haka ya ɗauki nauyin da duwatsu ba su iya ɗauka.

Darasi na biyu ya shafi fassarar shiru. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa wanda bai yi magana ba, ba a ɗora masa maganar da bai faɗa ba, ko da yake shiru a wurin da ake buƙatar bayani yana iya zama bayani. Bayan zaɓen Iran, Jagoran ƙasar ya yarda cewa fitar ba ta kai yadda aka zata ba, amma ya ce kuskure ne a ɗauka duk wanda bai fita ba maƙiyin tsarin ne. Ƴan adawa na waje kuma suka ce duk kashi 60 ɗin nan sun yi tir da jamhuriyar. Kowane ɓangare ya sa wa mai shiru magana a baki. A cikin masu zaman gidan akwai mai fushi, akwai wanda ya fid da rai, akwai wanda neman abincin yini ya hana, akwai mara lafiya. Sunnar Annabi a irin wannan hali ita ce a je a tambaya. A shekara ta 8 bayan Hijira, bayan yaƙin Hunainu, mutanen Hawazin suka zo suna roƙon a mayar musu da iyalansu da aka kama. Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya nemi yardar Musulmi, taro ya amsa da murya ɗaya cewa sun yarda. Bai wadatu da hayaniyar taro ba, domin a cikinta ba a rarrabe wanda ya yarda da wanda ya yi shiru don kunya. Ya umarce su su koma, wakilan kowace ƙungiya su bi mutanensu su ji ta bakinsu, sa'an nan su kawo masa. Imamu Bukhari ya ruwaito wannan. Haka kuma da Sayyidina Umar ya bar al'amari a hannun mutum shida a shekara ta 23, Abdurrahman ɗan Aufu ya kwana uku yana zagaya Madina yana jin ra'ayin mutane, kafin a yi wa Sayyidina Usmanu mubaya'a. Shugaban da ya ga rumfuna babu kowa, aikinsa ya nemi dalili da gaske. Idan ya tsaya zargin jama'a da rashin kishi, ya bar sunna.

Darasi na uku na masu riƙe da ƙofa ne. Musulunci bai ce kowa ya cancanci shugabanci ba. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya jera sharuɗɗan shugaba a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya kuma jera na masu zaɓensa: adalci, da ilimin sanin wanda ya cancanta, da basira. Don haka tantancewa a kanta ba laifi ba ce. Laifin yana zuwa ne idan aka mayar da ita hanyar kawar da abokin hamayya, har mutumin da jiya aka amince masa ya shugabanci ƙasa ko majalisa, yau a ce bai dace ba, ba tare da an gaya wa jama'a dalili ba. Wanda ya tace ƴan takara har ya rage saura wanda yake so, sa'an nan ya ce wa mutane fita zaɓe wajibi ne, ya yi kama da mai gidan da ya kira baƙi walima ya ajiye ƙwarya ɗaya, ya ce kowa ya zaɓi abin da ransa ke so. Allah ya yabi muminai a Suratus Shura da cewa shawara suke yi a al'amuransu, ya kuma umarci Annabinsa da yin ta a Suratu Ali Imrana, aya ta 159, kuma ayar ta sauka ne bayan Uhudu, bayan shawarar da aka bi ta ƙare da rauni. Ko a ranar da shawara ta yi ɗaci ba a soke ta ba.

Darasi na huɗu namu ne, mu talakawa. Mun san akwai malaman da ke ganin zaɓe irin na zamani baƙon abu ne da bai kamata a shiga ba, akwai kuma masu yawa da ke ganin halas ne, har ya kan zama dole idan da shi za a rage ɓarna. Muna girmama kowa. Abin da muka fi natsuwa da shi shi ne ƙuri'a shaida ce. Idan ka jefa ta, ka shaida a gaban Allah cewa wannan mutum ya fi sauran dacewa da riƙon dukiya da jini da mutuncin mutane. Ƙarshen Suratul Baƙara ya hana ɓoye shaida, Suratun Nisa'i, aya ta 58, ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita. Ba za mu yanke wa mutumin Tehran ko na Kabul hukunci daga nan ba, Allah ya san uzurin kowa. Wanda ya ƙaurace don ya ga an riga an gama komai, yana nufin ƙauracewarsa ta zama nasiha, yana da abin da zai faɗa. Wanda kuwa yake da zaɓi na gaskiya a gabansa, ya san wane ya fi wane amana, amma ya kwanta a inuwa ya ce duk ɗaya ne, to zamansa bai hana a naɗa shugaba ba, ya dai bar wa wasu su naɗa masa. Mutum miliyan shidan nan na Iran sun nuna cewa fita tana iya juya sakamako.

Wanda ya fi mai zaman gida muni shi ne mai sayar da shaidarsa. Ƙasarmu ba ta ɗauki sunan Jamhuriyar Musulunci ba, amma mafi yawanmu Musulmi ne, kuma tun daga 1993 mun sha tsayawa layi a rana. Mun san abin da ke faruwa daren jajibiri: jika biyu, turmin atamfa, sabulu, ƴan tiyoyin hatsi. Mai karɓa ya ce ai kuɗinmu ne suka sata. Ko da haka ne, abin da ka miƙa a madadinsu shaida ce ta ƙarya, kuma Annabi ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman zunubai. Jika biyu ba ta kai mako, wanda ka ɗora kuwa zai yi shekaru, kuma sai ya fanshe abin da ya kashe daga kuɗin rijiya da maganin asibiti.

Kada kuma wani ya ce ai yanzu ba lokacin zaɓe ba ne, wannan magana ba ta shafe shi ba. A ƙauyukanmu masu gida ne ke taruwa su zaɓi maigari. Muna zaɓen shugabannin ƙungiyar manoma, da na ƴan kasuwa, da na iyayen yara a makaranta, da kwamitin masallaci. Sau nawa ake kiran taro mutum goma su zo cikin ɗari, sa'an nan casa'in ɗin su kwashe shekara suna gunaguni a majalisa? Sau nawa kuma shugaban ƙungiya ke kiran taro a ranar da ya san masu ja da shi sun tafi kasuwa? Wanda bai riƙe amanar akwatin masallaci ba, ba zai riƙe ta ƙasa ba. Kai mai gida, ka taɓa tambayar iyalinka ra'ayinsu a kan abin da ya shafe su, ko shirunsu kake ɗauka yarda?

Azumi yana koya mana riƙon amana a inda ba mai gani. Kana iya shiga ɗaki ka sha ruwa ba wanda ya sani, amma ba ka yi, don ka san Allah na gani. Bayan labulen rumfar zaɓe ma haka ne, kai kaɗai ne da takarda. Ɗakin da ake tantance ƴan takara da wanda ake tattara sakamako su ma haka ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ya Allah, don albarkar wannan wata, ka shugabantar mana da masu tsoronka, masu tausayinmu. Ka ba shugabanninmu kunnen jin wanda ya yi magana, da zuciyar neman wanda ya yi shiru. Ka sauƙaƙa wa Musulmin Iran da Muritaniya da Afganistan da sauran ƙasashe halin da suke ciki. Ka zaunar da Nijar lafiya, ka ba mu damina mai albarka, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Gobe in Allah ya kai mu, a daidai wannan lokaci, za mu shiga bayanin zakkar fidda kai da waɗanda suka cancanci a ba su. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.